Darasi na 9: Tsara Wutar Sola da Gano Matsalolinta a Lafia

Wutar sola mai zaman kanta, wadda ba ta jingina da layin wutar gwamnati ba, tana tsayuwa ne a kan abubuwa huɗu: farantin da ke juya hasken rana ya zama lantarki, kwantirola mai daidaita caji, batir mai ajiye wutar, da inbata mai mayar da ita irin wadda kayan gida ke aiki da ita. Waya da fiyus da bireka ne ke haɗa su. Su ne mafi araha a cikin kayan, amma sau da yawa daga gare su gobara ke tashi.

Wannan sana'a ta samu gindin zama a Lafia da kewayenta. Garin yana cikin yankin kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, kuma a shekarar 2022 aka buɗe babbar tashar wuta ta Akurba, amma har yanzu akwai ƙauyuka da yawa da layin bai kai gare su ba. A watan Nuwamba na 2021 kamfanin Husk Power Systems ya buɗe ƙananan tashoshin sola guda shida a jihar Nasarawa, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara wanda Bankin Duniya ke tallafa wa. Uku suna Kiguna da Akura da Gidan Buba a ƙaramar hukumar Lafia, sauran ukun suna Rukubi da Idadu da Igbabo a ƙaramar hukumar Doma. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kunna janareta ya gagari gidaje da shaguna da dama, sai hankali ya koma kan sola. Ƙa'idar da ke tafiyar da tashar da ke ba ƙauye guda wuta ita ce dai ke tafiyar da ɗan tsarin shagon aski ko na mai cajin waya. Girma ne kawai ya bambanta.

Galibin tsarin da ke lalacewa kafin lokacinsa ciwonsa guda ne: abin da ake zuƙa daga batir kullum ya fi abin da farantai ke mayar masa. Batirin sai ya yi ta kwana da yunwa har ya mutu, a ɗora masa laifi, a sayo sabo, shi ma ya bi sahun na farko. Saboda haka aikin ma'aikacin sola yana farawa ne da biro da takarda, kafin ya taɓa tsani.

Lissafin nauyi

Kowane kayan wuta yana da adadin wat da yake ja, kuma akan rubuta shi a jikinsa. Idan aka ninka wat da yawan awannin da kayan ke aiki a rana, za a samu wutar da ya ci, wadda ake ƙirgawa da wat-awa. A ɗauki misalin gida mai ɗaki uku. Ƙwayayen fitila takwas masu wat 10, kowanne na ci awa shida, sun ba da wat-awa 480. Fankar sama uku masu wat 70, na awa goma, sun ba da 2,100. Talabijin da dikoda masu wat 100, na awa biyar, 500. Firiza mai wat 150 da injinta ke aiki kamar awa goma cikin ashirin da huɗu, 1,500. Cajin wayoyi da kwamfuta, a ce 200. Jimilla 4,780.

Nan ne masu gaggawa ke tsayawa, alhali lissafin bai ƙare ba. Ita kanta inbata tana cin wuta muddin tana kunne, ko da ba a jona mata komai ba. Wadda ke jan wat 40 a zaune za ta ci wat-awa 960 a wuni da kwana, wato ninki biyu na abin da duk fitilun gidan suka ci. Sannan wajen juya wutar tana ɓatar da kusan kashi goma cikin ɗari ta hanyar zafi. Idan aka haɗa duka, gidan na buƙatar kimanin wat-awa 6,300 kowace rana.

Wani abin lura shi ne mai gida ba ya faɗar gaskiyar nauyinsa, ba don ƙarya ba, sai don mantuwa. Ba zai ambaci dutsen guga ba, ko butar dafa ruwa, ko injin tura ruwan burtsatse, sai an tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Dutsen guga kaɗai yana jan wat dubu ko fiye. Ma'aikaci mai hankali yakan zagaya gidan da kansa ya duba abin da ke jikin kowace soket.

Rana a Lafia da yawan farantai

Adadin wat da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana da zafin digiri 25. A kan kwanon gida a Lafia, da azahar ɗin watan Maris, jikin faranti yakan haura digiri 60. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, don haka zafi kaɗai zai iya cinye kashi goma sha biyu zuwa goma sha biyar. Idan aka ƙara ƙura da asarar waya da ta kwantirola, abin da ke isa ga batir bai wuce kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake barin sarari tsakanin faranti da kwano domin iska ta ratsa.

Ba da matsakaicin shekara ake tsara sola ba, da watan da ya fi ƙarancin rana ake yi. A Lafia watan Agusta ne, lokacin marka, sa'ad da hadari kan rufe sama kwana biyu ko uku a jere. Masu sana'ar sukan ɗauki awa huɗu na cikakkiyar rana a lissafin wannan wata. Don gidan da aka yi misali da shi, a raba 6,300 da huɗu, sannan a raba abin da ya fito da 0.75. Za a samu wat 2,100, wato farantai huɗu masu wat 550. Idan aka ɗora wa gidan farantai biyu masu wat 300, kamar yadda ake yawan gani, abin da za su tara a irin wannan rana wat-awa 1,800 ne, bai kai sulusin buƙata ba. A watan Nuwamba mai gidan zai ga kamar komai lafiya, domin sabon batir yana rufa asiri na ɗan lokaci. Kafin damina ta zagayo asirin ya tonu.

Lafia tana kusan digiri takwas da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ana fuskantar da faranti kudu, a karkata shi kamar digiri goma zuwa goma sha biyar. Wannan karkata ta isa ruwan sama ya gangara ya wanke shi. Ba a son ta yi yawa, domin daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewacin garin da tsakar rana, kuma farantin da aka tokare sosai zuwa kudu zai yi asara daidai lokacin da ake neman kowace wat. Inuwa kuma babbar abokiyar gaba ce. Reshen mangwaro ko tankin ruwa ko kwanon talabijin da ya rufe kusurwar faranti guda zai iya janyo duk waɗanda ke jere da shi ƙasa. Ya kamata a duba wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, kafin a huda kwano.

A kasuwa akwai farantan da aka manna wa takardar wat ɗin da ba su kai ba. Girman jiki yana tona su: faranti mai wat 550 na gaske tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya. Wanda bai kai haka ba ana kiransa 550, to araha ba ta ado.

Batir

Batir tamkar randa yake. Ba ya haifar da ruwa, abin da aka zuba masa shi ake kamfata, kuma ƙara yawan randuna ba ya magance ƙarancin ruwan da ke shigowa. Da yawa daga masu gida idan wuta ta fara yanke musu da dare sukan ƙaro batura, alhali farantai ne suka gaza.

Iri biyu ne suka cika kasuwa. Na farko batirin dalma da asid, wanda ya haɗa da tubula mai shan ruwa da kuma rufaffe wanda ba a buɗewa. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma rabi kawai ya kamata a ja idan ana son ya yi shekaru. A gidan misalin, kusan wat-awa 4,000 ne ake ci daga faɗuwar rana zuwa hantsi. Batura huɗu a jere sun ba da bolt 48 da wat-awa 9,600, rabinsu 4,800, ya wadatar da dare guda. Na biyu shi ne litiyom, musamman mai sinadarin ƙarfe da fosfet. Akwati guda mai bolt 51.2 da amfiya-awa 100 yana da wat-awa 5,120, kuma ana iya jan kashi 80 cikin ɗari ba tare da an cutar da shi ba, wato kusan 4,100. Yana da tsada a ranar saye, amma yana jure dubban caji, ba ya buƙatar ruwa, kuma rashin cika ba ya kashe shi kamar yadda yake kashe na dalma. Ko wanne aka zaɓa, wannan girman ba zai ɗauki gidan a ranar da rana ba ta fito ba sam. Dole a faɗa wa mai gida tun farko cewa a kwanakin marka ko dai a rage nauyi, ko a cika batir da janareta ko wutar layin gwamnati in akwai.

Dalilin da ya sa yunwa ke kashe batirin dalma shi ne, duk lokacin da aka ja wuta wani farin gishiri yana kwanciya a kan farantan cikinsa. Cikakken caji yana narkar da shi ya koma cikin ruwan. Idan batir ya yi makonni bai cika ba, gishirin ya daskare, ba ya sake narkewa, wurin da ya rufe ya tashi daga aiki ke nan. Irin wannan batir yakan nuna ya cika cikin awa ɗaya, ya kuma ƙare cikin awa ɗaya.

Zafi shi ne makashi na biyu. Duk ƙarin digiri goma sama da 25 yana raba rayuwar batirin dalma kusan gida biyu. Ajiye shi a ɗakin kwano marar silin, ko kusa da murhu, ko a akwatin ƙarfe da rana ke duka, asarar kuɗi ce. Tubula kuma yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji, don haka ba a kulle shi a ɗaki marar taga, ba a kuma kwana da shi. Ruwan da ake ƙara masa tataccen ruwan batir ne kaɗai. Ruwan burtsatse da na leda suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke lalata shi, kuma ba a ƙara asid don ruwa ya ragu, domin ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan.

Kwantirola da inbata da waya

Kwantirola iri biyu ce. PWM mai araha ce, ta dace da ɗan ƙaramin tsari, amma tana janyo ƙarfin faranti ya sauko daidai da na batir, abin da ya yi saura ya tafi a banza. MPPT tana juya rarar bolt ta zama ƙarin caji, kuma ita ta kamata da manyan farantai na yanzu. Kowace MPPT tana da iyakar bolt da za ta iya karɓa. Faranti mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 idan ba a jona shi da komai ba, huɗu a jere sun kai 200. Kwantirolar da iyakarta 150 ce za ta ƙone nan take. A irin wannan hali akan jera biyu-biyu, sannan a haɗa layukan biyu kafaɗa da kafaɗa, a samu kusan bolt 100. A bar rata mai kyau ƙasa da iyakar, domin da sanyin safiyar hunturu bolt ɗin faranti yakan ɗaga. Wajen haɗawa, batir ake fara jona wa kwantirola sannan farantai. Wajen kwancewa kuwa farantai ake fara cirewa.

Ana zaɓen inbata ne bisa abin da za a kunna a lokaci guda. Rubutun kVA ba daidai yake da wat ba: da yawa daga masu 3.5 kVA abin da suke ɗauka bai wuce wat 2,800 ba. Firiza da injin tura ruwa kuma suna jan ninki uku zuwa shida na ƙarfinsu a daƙiƙar da suka tashi. Amma sayen wadda ta yi wa gida girma shi ma asara ne, tunda babbar inbata ta fi cin wuta a zaune.

Kaurin waya ya danganta da amfiya. Nauyin wat 2,400 a kan bolt 12 yana jan amfiya 200, a kan bolt 48 kuwa 50 kacal. Dalili ke nan da ya sa tsarin da ya girma ake hawa da shi zuwa bolt 24 ko 48. Wayar batir ta zama ta jan ƙarfe tsantsa, mai kauri, gajeriya, a matse bakinta da kyau. A sa fiyus daf da batir, domin batirin da aka haɗa kawunansa bisa kuskure yana iya narkar da sifana. Birekar wutar gida ba ta dace da ɓangaren faranti da batir ba, saboda tartsatsin wannan wutar ba ya mutuwa da kansa. Tsawar farkon damina kuma tana buƙatar a binne sandar ƙasa, a haɗa ta da ƙarafan farantai, a sa na'urar tare wutar tsawa.

Gano matsala

Koken da ya fi yawa shi ne inbata tana kuka ta ɗauke da tsakar dare, alhali a da tana kaiwa asuba. Gyaran hasashe, wato canza kaya ɗaya bayan ɗaya har a dace, yana talauta mai gida. Hanyar ƙwarai ita ce bin wutar daga inda take shigowa zuwa inda take fita, da mitar gwaji a hannu.

Tambaya ake farawa da ita: me aka ƙaro a gidan tun bayan haɗa tsarin? Sau da yawa amsar tana nan, sabuwar firiza ce ko maƙwabcin da aka ja wa waya. Daga nan sai a duba kwantirola da tsakar rana mai haske. Farantan wat 2,200 ya kamata su nuna wat 1,500 ko sama idan batir bai cika ba. Idan 700 suke nunawa, sai a hau sama. A lokacin hunturu ƙura takan yi wa faranti lulluɓi har a iya rubutu da yatsa a kansa, kuma wankewa da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, takan dawo da abin da ya ɓata. In ba ƙura ba ce, a cire layukan a auna kowanne. Layin da bai nuna bolt ba ya yanke a wani wuri, galibi a mahaɗin wayoyi da ruwan sama ya shiga ko wanda aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif. Layin da bolt ɗinsa ya yi daidai amma amfiyarsa ta gaza ta ɗan'uwansa yana da inuwa, ko tsagewa, ko mahaɗi mai tsatsa. Baƙin tabo kamar ƙuna a bayan faranti alama ce ta wurin da ke ɗaukar zafi fiye da kima.

Idan farantai lafiya, sai a ga ko batir yana cika. Batirin dalma mai bolt 12 yana buƙatar caji ya kai shi kusan 14.4, ya zauna a nan na wasu awanni, sannan kwantirola ta sauko da shi wajen 13.6. A tsarin bolt 48 a ninka da huɗu. Idan har la'asar bai taɓa kaiwa nan ba, an gano ciwon. Wani lokaci ma saiti ne kawai: an bar inbata a kan saitin rufaffen batir alhali tubula aka jona, ko an sa litiyom ba a canza komai ba.

Sai a auna baturan ɗaya-ɗaya, kada a tsaya ga jimillarsu. Batirin da ya huta awanni ba caji ba nauyi yana nuna kusan 12.7 idan ya cika, wajen 12.1 idan ya yi rabi. Amma awon da ya fi tona gaskiya shi ne wanda aka yi da dare, fanka da firiza suna aiki. Za a ga uku suna tsaye a 12.2, na huɗu ya faɗo 10.5. Tazarar kusan bolt biyu tana nufin ɗaki guda cikin shida na batirin ya mutu, kuma shi kaɗai ya isa ya kashe inbata. A tubula ma'aunin ruwan batir yana nuna ainihin ɗakin. Abubuwa biyu ne suka fi haifar da wannan: haɗa sabon batir da tsoho a layi guda, da kuma jan wutar bolt 12 daga batir ɗaya cikin jerin domin kunna fitila ko fanka. Yayin awon a taɓa kowane kan batir da bayan hannu. Wanda ya yi ɗumi a kwance yake, kuma farin gari ko kore da ya taru a kansa ana goge shi a sake ɗaurewa.

Litiyom nasa halin daban ne. A cikinsa akwai na'urar tsaro, BMS, wadda ke yanke wuta idan ya sauka da yawa, ko ya yi zafi, ko aka ja fiye da ƙarfinsa. Akwatin da mita ta nuna sifiri a bakinsa ba lallai ne ya mutu ba, wataƙila na'urar ce ta kulle, kuma ƙaramin caji daga cajar da ta dace yakan buɗe ta. Bolt ɗinsa kuma ba ya nuna saura nawa ya rage, domin kusan wuri ɗaya yake tsayawa daga kashi 20 zuwa 90, sai dai a dogara da abin da na'urar ta rubuta. Tsallake BMS da waya don a tilasta masa aiki ganganci ne mai iya jawo gobara.

Batirin dalma da ya mutu ba a jefar da shi a bola, ba a kuma fasa shi a gida, domin dalma guba ce, musamman ga yara. Ana mayar da shi ga dillalan da ke saye. Kafin a sa sabo a gurbinsa, wajibi ne a sake lissafin nauyi da na farantai daga farko, domin in ba a gyara abin da ya kashe tsohon ba, sabon ma ba zai kai shekarun da aka saye shi dominsu ba.